Asibitin gwamnati ko kilinik ɗin kamfani? Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa yi

Maman Hanif

Assalamu alaikum 'yan'uwa ma'aikatan jinya. Na daɗe ina bin tattaunawar da ake yi a nan ban taɓa sa baki ba, yau kuma ga shi abin ya zo kaina.

Shekarata 7 ina aiki a wani asibitin gwamnatin jiha a cikin birnin Kano. Rajista biyu gare ni, ta jinya da ta ungozoma, ban kai ga yin digiri ba. Na yi shekara huɗu a ɗakin haihuwa, sauran ukun a sashen gaggawa. Ina son aikina, Allah ya sani, amma na gaji. Akwai daren da mu biyu ne kacal a kan marasa lafiya sun fi 30, ga waɗanda suka yi hatsarin mota ana ta shigo da su, ga masu jinya kowa na kiran "sista, ruwan ya ƙare". In na koma gida da safe yarana uku sun tafi makaranta, in sun dawo ina barci. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuma, kuɗin adaidaita sahu kaɗai ba ƙaramin giɓi yake yi wa albashina ba, kafin a zo maganar cefane. Wata bai raba tsakiya ba na fara tunanin wa zan ranta a wurinsa.

Makon jiya wata ƙawata ta haɗa ni da wani kamfanin robobi da buhuna a ɓangaren Sharaɗa. Suna da ƙaramin kilinik na ma'aikata, nas biyu, likita yana leƙowa sau biyu a mako. Na je an yi mini tambayoyi, jiya aka kira ni na karɓo takarda. Aiki daga ƙarfe 8 na safe zuwa 5 na yamma, Asabar ɗaya a yi ɗaya a huta, babu kwana. Kuɗin da suka rubuta ya kusa ninka abin da nake karɓa yanzu.

Maigidana ya ce in karɓa. Mahaifiyata ta ce aikin gwamnati ba a sakinsa, kada in saki reshe in kama ganye. Ni kuma ban ma san mene ne ainihin aikin nas a kamfani ba. Hannuna ba zai mutu ba kuwa? Akwai ƙarin girma a can, ko inda mutum ya shiga nan zai tsufa? Don Allah wanda ya taɓa yi ya faɗa mini gaskiya, da daɗinta da ɗacinta.

Abu Sumayya

Wa alaikumus salam. Sannu da ƙoƙari 'yar'uwa. Ni shekarata 11 a wannan layin. Na yi shekara biyar a asibiti, daga nan na shiga wani kamfanin fata, yanzu kuma ina kamfanin siminti. Bari in gaya miki abin da ni ba a gaya mini ba lokacin da zan shiga.

A asibiti mara lafiya ne ke zuwa ya same ki. A kamfani ke za ki tashi ki bi cutar har inda take tun ba ta kama mutum ba. Za ki ba da farasitamol da maganin zazzaɓin cizon sauro, za ki auna hawan jini, amma wannan ɗan kaɗan ne daga cikin aikin. Ke za ki duba lafiyar duk wanda za a ɗauka aiki. Ke za ki tsara gwajin ji ga masu aiki kusa da injina, don ƙarar da ta kai desibel 85 in mutum yana shan ta awa 8 kullum, a hankali kunnensa yake tafiya, kuma in ya tafi ba ya dawowa. Mu nan akwai gwajin huhu, mutum ya busa a na'ura a ga ko ƙura ta fara yi masa illa. Za ki sa hular kwano da takalmin sefti ki zagaya cikin masana'anta, ki ga wa ya cire takunkumi ya rataya a wuya, wa ya cusa toshiyar kunnensa a aljihu. Za ki leƙa kicin, ki duba ruwan sha da banɗaki, ki koya wa mutum biyu-uku a kowane sashe agajin gaggawa. Ƙarshen wata kuma rahoto. Rubutu yana da yawa, ki shirya wa kwamfuta.

Tunda kamfanin robobi ne, abin da za ki fi gani shi ne ƙunar narkakkiyar roba, yatsun da inji ya kama, ciwon baya na masu dakon buhu, da masu tari saboda tururin sinadarai. Sai kuma zafi. Watan Afrilu da Mayu, musamman shekarun da azumi ya faɗo a cikinsu, mutum zai yanke jiki ya faɗi a gaban inji. Mu da tandun da ke gasa siminti yake kaiwa zafin digiri 1,450 a cikinsa, kowace bazara sai na zauna da shugabannin sassa an sauya wa masu azumi lokutan aiki mai nauyi.

Kin tambayi ko hannu zai mutu. Wani ɓangaren zai yi sanyi, ba zan ɓoye miki ba. Ni yanzu in aka ce in nemo jijiya a hannun jariri sai na yi da gaske, ke kuma karɓar haihuwa za ta yi miki nisa. Amma ranar da abu ya faru, babu wani a samanki. Babu likitan da za ki aika a taso, babu matiron. Wata rana an kawo mini yaro garin siminti ya watsu masa a ido, abokan aikinsa suna ta ihun a sa shi a mota. Na hana. Siminti yana cin nama kamar soda, kowane minti ɓarna yake ƙarawa, sai da na yi fiye da minti 20 ina kwarara masa ruwa kafin muka kama hanyar asibiti. Idon yana nan yana gani da shi. Shekara ukun da kika yi a sashen gaggawa su ne suka sa kamfanin nan yake son ki, ki san wannan lokacin ciniki.

Abin da ya fi wuya a aikin nan kuwa shi ne tsayuwa tsakanin mai biyanki albashi da lebura. A wurin da na fara aiki, inji ya murƙushe wa wani bawan Allah yatsu biyu. Wani babba ya same ni har kilinik, cikin lalama, ya ce in rubuta ƙaramin rauni ne, gobe a kawo mutumin ya zauna a bakin ƙofa don kada a lissafa ranar a cikin kwanakin da rauni ya hana aiki. Na ƙi, na rubuta abin da idona ya gani. Wata uku ba ya amsa gaisuwata. Dalilina shi ne dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010. Kamfani yana zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansa a asusun NSITF, wato hukumar gwamnati mai biyan diyyar ma'aikata, ma'aikacin da ya ji rauni yana da kwana 14 ya sanar da kamfani, kamfani kuma kwana 7 ya kai rahoto. In littafin kilinik ya ce ƙwarzane ne, da me talakan nan zai nemi haƙƙinsa? Haka za a zo a ce ki faɗi sakamakon gwajin wane. Abin da ofis ke da ikon ji daga bakinki uku ne kawai: ya dace da aikin, ya dace amma da sharaɗi, ko bai dace ba. Dokar 2014 ma ta hana a sa gwajin ƙanjamau ya zama sharaɗin ɗaukar aiki. In kin san ba za ki iya kallon manaja ki ce a'a ba, aikin zai dame ki fiye da kwanan asibiti.

Maganar kuɗi, hawa-hawa ne. Kamfanonin mai da gas na Fatakwal, Warri da Bonny su ne a sama, nesa ba kusa ba. Sai na siminti da manyan kamfanonin abinci da abin sha. Sai matsakaitan masana'antu irin na Bompai, Sharaɗa da Challawa, waɗanda komai ya danganta da halin mai wurin. Babu CONHESS, wato tsarin albashin ma'aikatan lafiya na gwamnati, a nan, abin da kika yi ciniki shi ne naki, kuma ba dole ba ne a ƙara miki duk shekara. Mai son hawa sama sai ya ƙaro takarda. Akwai makarantar jinyar lafiyar ma'aikata a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan, can na yi nawa kwas ɗin, daga baya na yi NEBOSH, wato kwas ɗin kiyaye lafiya da kariya daga hatsari a wurin aiki. Su suka kai ni inda nake.

Amma kafin komai ki ɗauko takardar nan ki duba samanta. Sunan wa ke jiki, kamfanin robobin ko wani daban? Kuma an rubuta wa'adi?

Tsohuwar Matiron

'Yata Maman Hanif, Allah ya yi miki albarka. Na karanta bayanin ɗana Abu Sumayya, ya faɗi gaskiya, kuma na ƙaru da shi. Ni ta asibiti zan yi miki, don a cikinsa na yi shekara 35 har na ajiye farin kaya.

Ba zan ce miki albashin yana isa ba. Mun yi shekara da shekaru alawus ɗin hatsari yana naira 5,000 a wata, da shi muka yi kwalara da sanƙarau da zazzaɓin Lassa har da korona. Sai a Disambar 2021 gwamnatin tarayya ta ɗaga shi, masu matsakaicin mataki suka koma 32,000. A 2023 aka ƙara kashi 25 cikin 100 a kan CONHESS, a 2024 mafi ƙarancin albashi ya koma 70,000, amma tsadar kaya ta riga ta yi gaba. Jihohi kuma kowace da lokacin da take bin sahu. Ba banza ba shugaban hukumar jinya da ungozoma ta ƙasa ya faɗa a farkon 2024 cewa nas sama da 42,000 sun bar ƙasar nan cikin shekara uku. Ba banza ba kuma ƙungiyarmu ta ma'aikatan jinya da ungozoma, NANNM, ta shiga yajin aikin gargaɗi a ƙarshen Yulin 2025 a kan alawus ɗin kwana da na kayan aiki da ƙarancin ma'aikata. Duk na san wannan.

Abin da nake so ki auna shi ne tsani. A gwamnati kina hawa ko da a hankali ne, ana ƙarin girma, ana ba da hutun ƙaro karatu albashinki na tafiya. Ga makarantu a kusa da ke: ƙashi a Dala, ƙoda da yara a Asibitin Malam Aminu Kano, ido da kunne da ƙwaƙwalwa a Kaduna. Ga digiri ta Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa (NOUN) ko karatun nesa na ABU, kina aiki kina yi. Ki yi digirin nan ko ina kika tsaya, don mai digiri ne ke kaiwa matakin darakta, mu da muka tsaya a rajista mun ga inda aka tsayar da mu.

Sannan kamfani yana mutuwa, 'yata. Na san lokacin da masaƙun Kakuri a Kaduna suke da kilinik masu kyau, nas ɗinsu suna fin mu albashi, muna sha'awarsu. Da masaƙun suka rufe, wasu daga cikinsu sun dawo neman aikin gwamnati shekarunsu sun ja, aka ce su fara daga ƙasa. Ki kuma tuna fanshon jihar Kano asusu ne na bai ɗaya a hannun hukumar amintattu ta jiha, ba irin asusun kai da yake bin mutum duk inda ya koma ba. Ki je ofishinsu da ƙafarki ki ji me shekara bakwai ɗinki suka tara kafin ki rubuta takardar ajiye aiki.

In gajiya ce ta kore ki, kin taɓa neman a sauya miki sashe? Shekara uku a gaggawa ba wasa ba ne, kina da bakin da za ki nemi a mayar da ke sashen da ake gani a tafi gida ko awon ciki. In kuma zuciyarki ta tafi kamfanin, ki fara neman hutu ba albashi. In an ba ki, kin je kin gani ƙofarki tana buɗe.

Maman Hanif

Na gode Mama, Allah ya ƙara girma da lafiya. Yaya Abu Sumayya, na ɗauko takardar na sake karantawa, gabana sai da ya faɗi. Ba sunan kamfanin robobin ba ne a sama. Wani kamfani ne mai samar wa masana'antu ma'aikatan lafiya, kuma an rubuta wata 12, "ana iya sabuntawa". Kuɗin dunƙule yake a layi ɗaya, ba a ware komai ba. Babu maganar fansho, babu hutun haihuwa, babu inshorar lafiya. Ni murnar adadin ce ta rufe mini ido, wallahi ban lura ba sai da ka tambaya.

Ummu Aisha

Yaya, irin takardar nan na sa wa hannu, shi ya sa na kasa wucewa ban yi magana ba. Na bar asibiti na yi shekara biyu a kilinik ɗin wani kamfanin gina hanya, ta hannun 'yan kwangila irin waɗannan. Shekarar farko lafiya lau. Na biya bashi, na sayi keken ɗinki na ajiye wa ƙanwata, kullum da magariba ina gida tare da yarana. Kuma na so aikin, don a nan na fara ganin mutum ya daina tari saboda na matsa an riƙa yayyafa ruwa a wurin fasa dutse.

A shekara ta biyu aka fara jinkirin albashi, wai kamfanin hanyar bai biya su ba. In na je wurin masu hanyar su ce ai ni ba ma'aikaciyarsu ba ce, in na kira waɗanda suka ɗauke ni su ce in yi haƙuri. Ana cire mini kuɗin fansho kowane wata, da na je duba asusuna na tarar wata huɗu kawai aka taɓa zubawa. Da cikina ya fito, wa'adina ya cika, ba wanda ya kore ni, kawai dai ba a sabunta ba. Dokar ƙwadago ta ba mace mako 12 na haihuwa da aƙalla rabin albashi in ta yi wata shida a wurin, amma wadda kwantiraginta ya ƙare wa za ta kama?

Yanzu ina wani asibitin kuɗi a Kaduna ina shirin jarrabawar Prometric ta samun lasisin aiki a Saudiyya. Nan ma na ga wani abu: wuraren da na nema sun fi tambayar shekarun da na yi a gefen gado a asibiti, na kilinik ɗin kamfani ba su cika burge su ba. In kina da niyyar fita waje wata rana, ki sa wannan a lissafi. Ban ce kada ki je ba. Da ma'aikaciyar kamfanin ce ni kai tsaye, da har yau ina can.

Abu Sumayya

Allah ya mayar miki da alheri Ummu Aisha. Maman Hanif, kwantiragi ba duka ne mugu ba, ni ma da shi na shiga kamfanin da nake, bayan shekara biyu suka mayar da ni cikakken ma'aikaci. Sai dai ki koma ki yi tambaya, kuma amsar ta zama a rubuce. A ware miki albashin gida-gida. A rubuta fansho: doka ta ce mai ɗaukar aiki ya zuba kashi 10, ke a cire miki kashi 8, a asusun da yake da sunanki, kuma akwai inshorar rai da ta wajaba a kansu. A rubuta hutun shekara da na haihuwa, da wanda zai ɗauki nauyin kwas ɗin sabunta lasisi. Ki tambayi wane likita ne yake sa hannu a ƙa'idojin magungunan da za ki riƙa bayarwa ranar da ba ya nan, don lasisinki ne a kan layi. Ki tambayi wane asibiti suke tura mutane, da ko akwai mota a tsaye. Wanda zai fi gaya miki gaskiya kuwa ita ce nas ɗin da ke wurin yanzu, da dalilin tafiyar wadda za ki gada.

Maman Hanif

Na dawo da bayani. Ranar Talata da na sauka daga kwana ban wuce gida ba, na tafi Sharaɗa na sami nas ɗin da ke can. Mutuniyar kirki ce, ta zaunar da ni ta ba ni shayi. Shekararta uku ana sabunta mata duk shekara, albashi bai taɓa wuce 5 ga wata ba, ta kuma nuna mini saƙonnin fansho a wayarta suna shigowa. Wadda zan gada aure ne ya kai ta Abuja. Amma a shekara ukun nan sau ɗaya aka yi mata ƙari, kuma ba ta san nas ko ɗaya da aka mayar cikakkiyar ma'aikaciya ba. Da ta haihu wata biyu aka ba ta.

Ta zagaya da ni ciki. Ƙarar injin niƙa robar nan sai da na ji ta a haƙorana, kuma a cikin mutum tara da na ƙirga a wurin, biyu ne da abin toshe kunne. Na tambaye ta gwajin ji, ta ce ba a taɓa yi ba. Tukunyar iskar oksijin ɗaya ce, babu wurin wanke ido. Abin mamaki, maimakon in ji na tsorata, sai na ji ina lissafin abin da zan fara gyarawa in na zo. Har na dawo gida yaran nan masu niƙa ne a raina.

Na kira waɗanda suka ba ni takardar na karanta musu abubuwan da Yaya ya lissafa. Sun yarda za su ware albashin su rubuta fansho, hutun haihuwa kuma sun ce sai sun yi shawara. Na nemi mako biyu sun ba ni. Mama, na bi maganarki: jiya na kai takardar neman hutu ba albashi na shekara ɗaya, matiron ɗinmu ta ce za ta sa baki amma kada in sa rai sosai saboda ƙarancin ma'aikata. Ranar Litinin zan je ofishin fansho. In hutun bai samu ba, ban yanke abin da zan yi ba tukuna, ina ta istihara.

Yaya Abu Sumayya, makarantar Ibadan ɗin nan, suna karɓar wadda take aikin kwantiragi ta biya wa kanta, ko sai wadda wurin aikinta ya turo? Kuma da iyali ka tafi ko su ka bari a gida?